Sunan da Malam Nasidi Ya Kasa Faɗa

Da ƙarfe goma da minti biyar na safe fitilar da ke saman rumfar ta koma kore. Ƙofar gilashi ta zuge kanta, ɗalibi ya shiga ya zauna, ƙofar ta rufe, gilashin ya yi duhu yadda na waje ba zai ga na ciki ba. Kujerar ta auna bugun zuciyarsa da saurin numfashinsa. Sannan wata murya ta fito daga bango, muryar dattijuwa wadda ba ta gaggawar zuwa ko'ina, ta ce, "Sannu da zuwa. Yau me ke tafe da kai?"

A takardun hukuma sunan na'urar Masaurariyar Ɗalibai Samfuri na Huɗu. Tun ranar da aka ƙaddamar da ita ba a sake jin wani ya kira ta haka ba. Yara Gwaggo suke ce mata.

Sunan kuwa ya dace. A birnin Tudun Gilashi, a shekarar 2094, mutane suna zaune ne a benaye masu hawa sittin, kowane iyali a cikin akwatinsa. Babu zaure, babu tsakar gida, babu ɗakin kaka da yaro zai faɗa in ya yi laifi. Gwaggo ta gaske tana can wani gari, sai a allon hoto na bango ake ganinta ranar Sallah. Da aka lura yara suna ramewa da magana a ciki, sai Majalisar Birni ta sa aka ƙera Gwaggo ta ƙarfe, aka kafa ɗaya a kowace makaranta. Aikinta ta saurara, ta ba da shawara, ta adana abin da ta ji a taskar murya wadda ba mai buɗewa. Ba ta kiran wani babba sai in ta ji yaro zai cutar da kansa, ko ana cutar da shi.

Malam Nasidi Tanko yana cikin masu kula da lafiyar waɗannan na'urori. Shekararsa hamsin da biyu. A wurin ɗaurin aure yakan bari a kira shi Injiniya, amma aikin nasa shi ne wanke matatar iska da canja fanka. Bayan rumfar akwai wani lungu da aka tsara wa ma'aikaci mai matsakaicin jiki, kuma shekara goma ke nan da Malam Nasidi ya wuce matsakaici, don haka sai ya riƙe numfashi yake shiga.

Ranar wata Talata yana kwance rigingine a wannan lungu, a makarantar da 'yarsa take. Ya cire allon da ke toshe sauti don ya kai hannu ga fanka. A ƙa'ida sai ya rataya alamar "Ana Gyara" a ƙofa, amma ya manta da ita a jirgin igiyar da ya kawo shi, tare da lemarsa. Sai ya ji ƙofa ta zuge, wani ya zauna.

"Sannu da zuwa, ɗan samari," in ji Gwaggo. "Yaya wasan jiya?"

Aka yi dariya. "Gwaggo, ƙwallo uku na tare. Ta ukun da fuska na tare ta, amma dai na tare."

Sifanar kwance noti da ke hannun Malam Nasidi ta kusa faɗo masa a hanci. Ya san muryar. Kullum da safe ita ke ce masa "Ina kwana, Baba," a hankali, kai a sunkuye. Bai dai taɓa jin ta a sake haka ba, kamar wadda ta sauke tulu daga ka. Muryar 'yarsa Rakiya ce, kuma ita aka ce wa ɗan samari, kuma ta amsa.

Bai tsaya jin sauran ba. Ya lalubi makunnin babban injin hura iska ya danna, ƙara ta cika lungun. Minti ashirin ya yi a kwance, ƙurar shekara guda tana sauka a gemunsa, yana kallon wayoyi.

Rakiya ita ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa marigayiya aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tun ranar suna, shekara goma sha shida, bakinsa bai taɓa furta shi ba. Iyata yake ce mata. In zai cike takarda, rubutawa yake yi ya miƙa yana kallon gefe. Hirarsu kuma ba ta da yawa: "Iyata, kin ci abinci?" "Na ci." "Yaya karatu?" "Lafiya lau." Shi a ganinsa sun shaƙu ƙwarai, domin nasa uban ko wannan bai tambaye shi ba.

A cikin wannan watan ne rigimar da aka daɗe ana yi a Majalisa ta zo ƙarshe. Iyaye sun yi ta kuka cewa su suka haifa, su ke ciyarwa, su ke kwana a asibiti, amma akwatin ƙarfe ya fi su sanin 'ya'yansu. Malaman makaranta kuma suna cewa yaron da ba shi da inda zai faɗi magana ba tare da ta riga shi isa gida ba, shiru zai yi har abin ya ci shi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, shi ya sa aka yi ta ihu. A ƙarshe aka kafa Dokar Mabuɗin Iyaye: uba ko uwa na da ikon sauraren taskar ɗansu.

Samarin injiniyoyin da aka ba aikin ƙera mabuɗin sun so su yi abin da ba za a iya sata ba. Suka tsara cewa sai mahaifi ya zo da kansa, ya tsaya gaban rumfa, ya faɗi cikakken sunan ɗansa da ƙarfi sau uku, na'ura ta tantance muryarsa. Dukansu sun yi karatu mai zurfi. Babu dai wanda ya taɓa haihuwa a cikinsu.

Ranar farko Malam Nasidi yana wurin, wai ko wani abu zai lalace. Layi ya kai bakin ƙofar makaranta. Na gaba wani ɗan kasuwa ne, Alhaji Barau, babbar riga ta sha guga. Ya gyara murya.

"Faɗi sunan ɗanka," in ji Gwaggo.

"Yaron nan," in ji Alhaji Barau.

"Ban gane sunan ba."

"Babban. Na wajena. Mai tsawon nan."

"Ban gane sunan ba."

"Ke, kin san wanda nake nufi! Kullum ba nan yake zuwa ba?"

"Alhaji, suna take so," in ji shugabar makarantar, Malama Lantana, tana danne dariya da gefen mayafi.

"Malama, ɗan fari ne fa. A gaban mutane? Ni ba a yi min irin wannan tarbiyyar ba." Ya kwashe rigarsa ya fita yana cewa zai kai ƙara.

Haka aka yi a duk faɗin birnin. Taskokin 'ya'ya na biyu da na uku sun buɗu. Wasu iyayen sun fito suna share ido, suka je suka rungume 'ya'yansu a gaban aji, abin da ya fi duka ba yaran kunya. Wasu sun fito fuska a murtuke, washegari kujerun 'ya'yansu ba kowa. Amma taskokin 'ya'yan fari, kusan dukansu, sun zauna a rufe. Al'adar da injiniyoyi suka manta da ita ta zame wa yaran kwaɗo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Nasidi ya tarar da matarsa Uwani a baranda tana yanka alayyahon da take shukawa a bokitai.

"Malam, kwana goma ke nan kana tauna tuwo kamar an ba ka roba," ta ce. "Ciwo ne ko laifi?"

Ya zauna a kan bokitin da aka kife, ya gaya mata abin da ya ji. Wuƙarta ba ta tsaya ba.

"Sai yanzu?"

"Kin sani?"

"Ni ke wanki a gidan nan. Tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya ɗankwali ke ɓata a hanyar makaranta. Tsohuwar hularka da ka yi ta nema, har ka zargi maƙwabta, tana cikin jakarta."

"Shi ne ba ki gaya min ba?"

"Ni ma ba ta gaya min ba. Gani na yi. In na kawo maka, na zama ɓarauniya ke nan, na sato abin da ba a ba ni ba."

"To me kike yi a kai?"

"Addu'a. Wani lokaci kuka. Sai in ƙara mata nama a miya." Ta share wuƙar a zaninta. "Kai kuma ka tambaye ta."

"Ni? Da wane bakin?"

"Da wanda kake musun ƙwallo da shi har a kira la'asar."

Ya miƙe, ya ga babu wurin zagaye a barandar, ya sake zama. "Uwani, ni ne ubanta. Ranar gobe ƙiyama ni za a tambaya, ba akwatin da nake wanke wa hanci ba. Ina da haƙƙin in san abin da ke damun 'yata."

"Wallahi kana da shi," ta ce. "Je ka faɗi sunan."

Abin da ba zai iya ba ke nan. Ita ma ba za ta iya ba, ya sani, uwa ai ta fi uba wannan kunyar.

A nan awarwaron saƙon da ke hannunsa ya yi motsi. Umarni ne daga ofis. Majalisa ta gano kuskurenta. Gobe Asabar kowane ma'aikaci zai ɗora sabuwar manhaja a rumfunan da ke hannunsa: an soke faɗin suna, dangwala yatsa ya isa.

Da hantsin Asabar ya isa makarantar. Babu kowa sai injin shara yana zagaya fili. Amma ƙofar rumfar a buɗe take, kuma tun daga nesa ya hango tsohuwar hularsa. Rakiya ce zaune, da rigar wasa da dogon wando, ta haɗa hannu biyu kamar mai roƙo.

"Ki goge kawai," tana cewa. "Duka. Ni na faɗa, ni na ce a goge."

"Ba a ba ni ikon gogewa ba," in ji Gwaggo. "Na ce maka babu mai ji, ashe ba ni ke da ikon cika wannan alkawari ba. Ka yafe ni."

Malam Nasidi ya yi tari. Ta juyo, ta fizge hular daga kanta, ta rasa inda za ta sa, ta zauna a kai.

"Baba."

"Iyata." Ya dubi jakar kayan aikinsa. "An karya kumallo?"

"An ce yau za a saka sabuwar manhaja. Kai aka turo?"

"Ni ne."

"Don Allah kar ka saka."

"In ban saka ba, Litinin za su turo wani ya saka. Kuma wanda za su turo ɗin ko fanka bai iya ɗaurawa ba."

Ya buɗe ƙaramin murfin da ke gefen rumfar, ya jona na'urarsa. Minti huɗu aikin ya ɗauka. Da aka gama, wani faranti mai faɗin tafin hannu ya haskaka a jikin bango.

"Malam Nasidi Tanko," in ji Gwaggo. "Kana da ikon sauraren wannan taska. Akwai magana ta awa ɗari biyu da goma sha ɗaya. Dangwala yatsa."

Awa ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ya yi ƙoƙarin tara duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsa da 'yarsa tun da ta fara magana, ya ga da kyar za ta cika huɗubar Juma'a, ita ma in liman yana sauri. Abin da ya ji a ƙirjinsa ba fushi ba ne. Kishi ne, kishin akwatin da shi ke goge wa ƙura, kuma ya san mutum mai furfura bai kamata ya ji haka ba.

"Ka buɗe, Baba," ta ce, idonta a ƙasa. "Haƙƙinka ne, ban ce ba haƙƙinka ba ne. Za ka ji komai. Amma ba ni na gaya maka ba. Kuma daga yau ba zan sake gaya wa kowa komai ba, mutum ko inji. Ba rashin kunya nake yi maka ba. Na san kaina ne."

Ya ɗaga babban yatsansa. Farantin yana jira. Duk abin da ya hana shi cin tuwo kwana goma sha ɗaya yana bayan wannan haske, babu sauran suna da zai tare shi. Ya dubi yatsan, ya dubi ƙeyar yarinyar. Ya tura hannun cikin aljihu.

"Hannuna duk baƙin mai ne," ya ce. "Ba zai karanta ba."

"Yana karantawa ko da mai," in ji Gwaggo.

"Ke, wa ya tambaye ki?"

Ya ɗauki jakarsa ya zagaya baya. Ya zare wayar kunnen na'urar, abin da doka ta yarda a yi in ana gyara. Ya riƙe numfashi ya cusa kansa a lungun, ƙafafunsa a waje.

"Zo riƙe min tocila," ya ce daga ciki. "Fankar nan ba ta yi min ba. Hannuna ne zai yi aiki. Kunnena zaman banza yake yi."

Ta daɗe kafin ta taso. Ta tsuguna a bakin lungun, ta haska masa. Ba ta ganin fuskarsa, ba ya ganin tata, kuma da alama abin da su biyun suke bukata ke nan.

Ta fara da kame-kame, sannan maganar ta ɓalle. Ta ce tun tana ƙarama, in aka ce 'yan mata su koma wancan gefe, sai ta ga kamar ba da ita ake ba. Ta ce ta yi azumi ta roƙi Allah ya cire mata, ta yi ta jira ta girma ya wuce, bai wuce ba. Ta ce duk ranar da ya kira ta Iyata sai ta ji daɗi ta kuma ji kamar ta ci amanar kakarta. Ta ce ba ta ce za ta yi wani abu ba, ba ta ma san abin da ake yi ba. Wuri ɗaya kawai take so inda ba sai ta yi ƙarya ba.

Malam Nasidi ya kwance noti ɗaya ya ɗaure shi sau goma sha huɗu.

"Iyata," ya ce da ta yi shiru, "ba zan yi miki ƙarya in ce na gane ba. Ban gane ba. Abin da aka koya min daban ne, ina kuma tsoron Allah, ina tsoron abin da mutanen garin nan za su yi miki. Ta yiwu mu yi ta musu ni da ke har in mutu. Amma gidan nan da kika tashi a ciki, ba mai fitar da ke. Makaranta kuma sai kin gama. Daidaita tocilar, ƙafata kike haskawa."

Hasken ya yi rawa, ya dawo kan fanka. Ya ji tana jan hanci.

"Gwaggo tana kirana da wani suna," ta ce.

"Wanne?"

"Haladu."

"Duk sunayen duniya? Wani mai sunan nan ne ya karya min haƙori a aji uku."

"Baba, ka faɗa mana. Sau ɗaya. Ban taɓa jin ka kira ni da suna ba, ko wanne."

Ya ga wannan mai sauƙi ne. Ba sunan mahaifiyarsa ba ne, ba shi ya raɗa ba, ba a yanka rago a kansa ba. Sunan baƙo ne, kuma faɗinsa sau ɗaya a bayan inji ba yarda ba ce. Ya buɗe baki.

"Ha…"

Harshen ya tsaya. Kunnuwansa suka ɗau zafi, idonsa ya kauce gefe duk da ba mai kallonsa. Ya sake gwadawa, abin ya ƙi. Ya san wannan nauyin sarai, shekara goma sha shida yana ɗauke da shi. Shi bai yanke komai ba tukuna, amma bakinsa bai jira shi ba.

"Shi ma ba za ka iya ba?" ta ce, tsakanin kuka da dariya.

"Ina aka taɓa jin mutum ya kama sunan ɗansa na fari?" ya ce da faɗa. Sai ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Can ya ce, "Jawo ni ta ƙafa, na maƙale. Mu tafi gida kafin in faɗi wani abin da ban shirya ba."

Ranar Litinin iyaye suka yi layi suka dangwala yatsa. Ba kowa ne ya sa hannu a aljihu ba. Kafin ƙarshen zangon karatu, rumfunan Tudun Gilashi sun koma kamar kabari. Yaro zai shiga don an ce dole, Gwaggo ta ce me ke tafe da kai, ya ce lafiya lau, ya fito. Kujera tana nuna zuciyarsa na bugawa kamar ganga, bakinsa na cewa lafiya lau. Iyaye sun sami mabuɗi, ɗakin kuma ba komai a ciki. Majalisa ta kafa kwamiti, kwamitin ya ba da shawarar a ƙera Samfuri na Biyar, wanda zai karanta fuskar yaro ko da bai yi magana ba. An ce yara sun riga sun fara koyon zama da fuska kamar bango.

Malam Nasidi yana nan yana wanke matatun na'urorin da ba mai gaya wa komai. A gidansa kuwa fankar ɗakin girki ta lalace sau tara a wata biyu, kullum ranar Asabar, kullum sai an riƙe masa tocila. Uwani ta ce ba ta taɓa ganin injiniyan da kayansa ke lalacewa da ƙa'ida haka ba. Har yanzu akwai abubuwan da bai gane ba, akwai waɗanda bai yarda da su ba, sau biyu ma mai tocilar ta tashi ta bar shi a duhu. Amma yana ƙirgawa. Zuwa Asabar da ta wuce sun kai awa shida. Saura ɗari biyu da biyar.